Kunya Biyu a Bakin Turba

Ina tsugune a rumfar mai faci a Makoda wayata ta yi ƙara. Hantsi ne. Mai facin ya tsoma tayar a cikin rabin duro na ruwa yana juya ta a hankali, yana neman inda iska ke fita. Da na ɗaga wayar sai na ji muryar maƙwabcinmu. Ya gaishe ni, ya tambayi inda nake, sannan ya ce in taho gida yanzu, jikin Yaya ne ya ɗan tashi. A wurinmu ba a faɗa wa mutum mutuwa yana kan hanya. Amma a bayan muryarsa ina jin salatin mata, kuma na san daga gidan da yake fitowa.

Na ce, "Malam, faɗa mini kawai."

Ya ce, "Sai haƙuri."

A daidai lokacin mai facin ya gano hujin. Ya ɗaga tayar, ya goge wurin da gefen hannu, ya zagaye shi da farin alli. Ya dube ni yana jiran in ce ya liƙe. Na ce ya ba ni ita haka nan. Na ɗaure ta a bayan babur ɗina da roba, na kama hanyar gida. Ban iya tuna komai na wannan hanya ba, sai dai tayar tana bugun bayana duk sanda na faɗa rami.

Tayar ta babur ɗin Yaya ce, mai ƙafa huɗu, wanda ya saya bai fi wata biyu ba kafin ranar.

Yaya ya girme ni da shekara tara. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya koya mini riƙon garma, shi kuma ya fara ɗora ni a kan babur. A cikin gonakin da muka gada akwai wadda muke kira gonar gawo, saboda wani tsohon gawo da ke tsakiyarta. Ita ce mafi nisa, kusan tafiyar awa guda a ƙafa, kuma ita ce Yaya ya fi so. A can mahaifinmu yake shuka dawarsa. Yaya ya san kowane lungu nata, ya san inda ruwa ke kwanciya da inda ƙasa ke saurin bushewa.

Shekara biyu kafin rasuwarsa ya faɗo daga kan rumbu yana gyaran jinka, ya karye a ƙugu. An yi ɗori, ya warke, amma ƙafar hagu ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Da sanda yake zuwa masallaci. Babur ɗinsa ya sayar, tunda ba ƙafar da zai dire idan ya tsaya. Sau ɗaya na goya shi a nawa don in kai shi gonar gawo, muna shiga yashin rafi muka kife. Bai ji ciwo ba, amma da na ɗaga shi ya karkaɗe rigarsa ya ce shi ba buhun taki ba ne, ba za a sake ɗaure shi a bayan kowa ba. Amalanke kuwa girgizarta tana tayar masa da ciwon. Haka damina biyu suka wuce bai ga gonar ba.

Ni nake zuwa in dawo in ba shi labari. Sai ya zaunar da ni a zaure ya yi ta tambaya. Dawar da ke yamma da gawo ta kai ƙugu? An yi maimai a kan lokaci? Wuta-wuta ta sake fitowa a kusurwar gabas? Ina amsawa yana gyaɗa kai, amma na san bai ƙoshi ba. Wata rana ya ce da ni gona a bakin wani kamar tuwo ne a bakin wani. Na ce in ya so da rani a kai shi a mota ta doguwar hanya, tunda an girbe komai fili ya buɗe. Ya ce me zai je gani da rani, kututturen kara?

A birni ya ga abin, ranar da muka je ganin likitan ƙashi. Wani mai sayar da baburan kwatano ya ajiye shi a gaban shago, ja ne, fentin ya koɗe, da kariya gaba da baya, tayoyinsa gajeru masu faɗi da manyan haƙora. Yaya ya sa aka tsayar da mu. Ya zagaye shi da sandarsa sau biyu. Tambaya ɗaya ya yi wa mai shagon, ko in an tsaya sai an dire ƙafa. Mutumin ya yi dariya ya ce ko barci Alhaji ya yi a kai ba zai faɗi ba. Bayan mako biyu aka kawo shi ƙauye a bayan a-kori-kura.

Ranar mutane sun taru a ƙofar gida kamar ana suna. Wani ya ce wannan ai kwaɗo ne aka sa wa inji. Wani ya ce a'a, jakin Turawa ne, kuma ya fi namu tunda ba ya harbi. Wani dattijo abokin wasan Yaya ya ce kowa yana tsufa ya ƙara ƙafa ɗaya ta zama uku, shi ga zari ya ƙara har huɗu. Yaya ya ce da shi ya jira tasa tsufar, a kan turmi za a riƙa mirgina shi. Sunan kwaɗo ne ya bi abin, har matar Yaya ma haka take kiransa.

Ni aka fara sa wa in gwada, a filin da ake sallar idi, wai ni ne gwanin babur. Shekara ashirin ina hawa, amma ranar na zama ɗan koyo. Totur ɗinsa ba murɗawa ake ba, wani ɗan maɓalli ne da ake dannawa da babban yatsa. Na yi ta murɗa hannu abin yana tsaye yana gurnani, mutane suna dariya. Da na gane na danna, sai ya zabura. Na zo kwana na kwantar da jiki kamar yadda na saba, shi kuwa bai san wannan ba, ya miƙe sak ya nufi gindin darbejiya. Na damƙe birki, kuma bisa sabo na sauke ƙafa zan dire. Tayar baya ta kama silifas ɗina ta taka, saura kaɗan ta haɗa da diddige. Na sauko da takalmi ɗaya.

Yaya ya yi dariya har da hawaye. Rabona da in ji irin wannan dariya tasa tun kafin ya faɗo daga rumbu. Ya ce, "Ɗan autan Inna, matsa ka ga. Wannan abin na marasa ƙafa ne. Kai ƙafa ta yi maka yawa."

Na taimaka masa ya hau. Ya miƙe ƙafar hagu a kan matakin, ya ɗaure sandarsa a kariyar gaba, ya yi bisimilla. A hankali ya danna. Ya zagaya filin sau ɗaya kamar mai tafiya da ƙwai, na biyu ya ƙara wuta, na uku hularsa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Ya gane abin cikin sauri fiye da ni, ina jin don jikinsa ya riga ya manta da direwa. Da ya dawo gabanmu ya tsaya, ya saki hannu duka biyu, ya zauna kawai. Bai faɗi ba. Ya dube ni ya ce gobe da safe gonar gawo.

Ya tambaye ni ko hanya tana da kyau, na ce tana nan lafiya lau. Gaskiya na faɗa a iya sanina. Ban taɓa kallon hanyar da idon abu mai faɗi ba.

Lokacin ana tsakiyar marka. An yi ruwa kafin asuba, gari ya waye da sanyi, ƙasa ta yi laushi. Muka fita bayan an karya kumallo, shi a gaba a kan kwaɗonsa, ni a baya a kan nawa. Muka bi burtali, inda shanu suka tattake ƙasa ta zama taɓo. A wurin da nake saukowa in tura babur, shi ya ratsa kawai, taɓo yana fallatsa ta gefe biyu. Da muka zo kududdufin da ya cinye rabin hanya ya tsaya ya dube shi, ya waiwayo ya dube ni, ya shiga tsakiya. Ruwan ya kai masa har matakin ƙafa. Ya fita ta can yana jijjiga kai, ni kuwa na zagaya ta gefe ina dogara ƙafa.

Gero ya yi kai a ko'ina, wani har ya fara sunkuyawa. Yaya yana tafe yana tsayawa. Ya san mai kowace gona. Ya ce wannan ya makara da taki, wancan ya cika shuka kusa da kusa, wane kuma har yanzu bai daina satar iyaka ba, ga gambar nan ta matsa. Mata masu tsinkar zogale suka tsaya suna kallo, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. A gangaren rafi na ce ya bi a hankali. Ya ce in ji da kaina. Ya sauka cikin yashin da muka taɓa kifewa, tayoyin suka yi ta haƙa suna watso yashi, ya haye gaɓar can ba tare da ya waiwayo ba. A saman gaɓar ya kashe injin ya jira ni. Da na iso na tarar yana shaƙar iska da ƙarfi. Ya ce ƙamshin wannan gefen rafin daban yake, ya manta.

Daga nan burtali yake ƙarewa, sai turba. A ƙasarmu ba a barin fili, gona tana manne da gona, turbar kuwa iya faɗin jaki da mangalarsa ce. Da farko gefenta ciyawa ce, kwaɗon ya wuce yana kwantar da ita. Sai muka zo inda turbar ta matse. A hagu shingen aduwa ne da tsohuwar rijiya, ba wurin kaucewa. A dama gonar gyaɗa ce, kunyoyinta sun zo har bakin turba, ganyen ya rufe ƙasa, kore shar. Daga wurin ana hango kan gawonmu. Bai fi a kira mutum ya amsa ba.

Yaya ya tsaya. Na sauka na auna da sandarsa. Faɗin kwaɗon ya fi turbar da kamu uku ko fiye. In za a wuce, dole tayoyin dama su bi ta kan kunya biyu na gefe, tun daga farkon gonar har ƙarshenta.

Gonar kuwa ta Baba ce, mahaifin matar Yaya.

Shekara talatin da auren, amma Yaya bai taɓa cin abinci a gaban Baba ba, bai taɓa kiran sunansa ba, ko da wani ne mai irin sunan. In ya hango shi a hanya tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa. Tun da ƙafar ta sandare durƙuson ya gagara, sai ya koma kauce wa haɗuwa da shi gaba ɗaya, don ya ce ba zai gaida surukinsa a tsaye kamar soja ba. Shi ma Baba haka, in zai zo duba 'yarsa sai ya daidaici lokacin da Yaya yake masallaci.

Na ce mu wuce kawai, gyaɗa ce, in an taka ta za ta tashi, in ya so ni in je in ba da haƙuri. Ya ce gyaɗar da ta fara zuba 'ya'ya ba ta tashi. Na ce to bari in je in roƙi Baba, na san ba zai hana ba. Ya ce ai shi ya sa ba za a roƙe shi ba. Mutumin da ba zai iya cewa a'a ba, tambayarsa ƙwace ne.

Ya daɗe yana kallon kan gawon. Sannan ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ka ga ikon Allah. Kunya a ƙasa, kunya a ido. Wacce zan taka?"

Ya ce ba komai, saura 'yan makonni a cire gyaɗa, kuma dawa tana nan tsaye har bayan haka. Lokacin ma ta fi kyan gani, ta fitar da kai. Ya sa giyar baya, abin da babur ɗina ba shi da ita, ya ja da baya a hankali yana leƙen tayar dama kada ta taɓa ko ganye ɗaya. Sawun tayoyin ya fito sarai a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya zo daidai bakin gonar ya tsaya.

Muka kama hanyar dawowa. A kududdufin nan ya sake shiga tsakiya, da gangan, har ya jiƙa ni.

Makonnin da suka biyo baya ya yi ta yawo da kwaɗonsa a cikin gari da gonakin kusa. Ya kai wa matarsa itace a kariya, ya je ɗaurin aure a ƙauyen gaba. Kullum in na dawo daga gonar gawo tambayarsa ta farko ta canja. Ba ya fara tambayar dawa, sai ya ce gyaɗar Baba fa, ganyen ya fara ja?

Kamar kwana goma bayan fitarmu, matar Yaya ta je gidansu ta dawo da ƙwarya cike da dafaffiyar gyaɗa. Ta ce Baba ya ce a kawo wa maigidan. Muna zaure muka sa ta a gaba. 'Ya'yan ƙanana ne, ɓawon fari fat, in ka matsa sai ruwa, wasu ma ba komai a ciki. Yaya yana ɓarewa yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya leƙa ya ga matarsa ta shige ciki, sannan ya ce tsufa ya fara taɓa Baba, ya kasa haƙuri gyaɗa ta ƙosa. Duk da haka muka cinye ta tas, don abin suruki ba a raga shi.

A cikin satin na bi ta turbar sau biyu. Na ga an cire gyaɗar gefen hanya. Na gani da idona. Na ce a raina, to, ga inda aka ciro wadda muka ci. Na wuce a kan babur ɗina, wanda turbar ba ta taɓa yi wa kaɗan ba, hankalina yana kan tsuntsayen da suka fara sauka a gero. Da na dawo Yaya ya tambaye ni ko ganyen ya fara ja, na ce da saura.

Ranar da ya rasu, da safe ya kira ni ya nuna mini tayar gaba ta dama ta kwanta, ƙaya ta shige ta. Ya ce in kai Makoda a gyara tun yanzu, kada ranar tafiya ta zo muna neman mai faci. Muka ɗaga gefen muka tokare da guntun turmi, na kwance ta. Yana zaune a kan tabarma yana ba ni umarni kamar ban taɓa riƙe sifana ba. Matarsa ta ce bayan fitata da kaɗan ya ce ƙirjinsa ya riƙe, ya nemi ruwa. Kafin ta kawo ya kwanta.

An yi jana'iza bayan azahar. Baba yana sahun gaba. Ban taɓa ganin su kusa da juna haka ba.

Ranar uku, da mutane suka ragu, Baba ya aiko a kira ni. Yana zaune a gefen zauren Yaya, kusa da kwaɗon da ke tsaye a kan ƙafa uku da turmi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya sa hannu ya shafa haƙoran tayar baya, ya ce ya ga sawun wannan a bakin gonarsa. Ya ce ya ga inda ya zo ya tsaya, ya ga inda ya koma da baya, ko ganye ba a karya ba. Ya ce ya kwana biyu yana jira ko za a aiko, da ya ga shiru ya gane ba za a aiko ba. Shi kuma ba zai iya aika wa mijin 'yarsa cewa ga hanya na ba ka ba, kamar yana yi masa gori.

Sai ya ɗauki fartanya ya je da kansa. Ya cire kunya biyun nan daga farko har ƙarshe, ya baje ƙasar, ya tattake ta da ƙafa. Ya sa aka dafa gyaɗar.

Ya ce, "Duk manomi in ya ga gyaɗa irin wannan ya san ba don ci aka cire ta ba. Na ce zai tambaya daga ina."

Na ce, "Baba, mun ci."

Ya ce, "Kun ci." Ya gyaɗa kai. "To, Allah ya sa ta zame masa ta alheri."

Ban faɗa masa abin da Yaya ya ce game da tsufa ba. Na faɗa masa cewa na bi ta wurin sau biyu na gani. Ya dube ni. Ya ce kwana ne ya ƙare, ko an je ko ba a je ba. Na san haka ne. Amma na lissafa, tsakanin ranar da ƙwaryar ta zo da ranar da aka kira ni a waya, Yaya yana da lafiya, kwaɗon yana da mai, rana tana fitowa kullum. Kalma ɗaya ce kawai, da na faɗe ta a zaure da ya ga gonarsa.

Dawar gonar gawo ta yi kyau a shekarar. Ni na girbe ta. Na yanko kai ɗaya daga yamma da gawo, inda yake yawan tambaya, na kawo na soke a jinkar zaure, ban san don wa ba.

Mutane sun zo neman sayen kwaɗon, har wani daga garin Kunci. Matar Yaya ta ce ni zan yanke shawara, ni kuma na ce a dakata. Na rufe shi da tsohuwar tabarma. Kaji suna kwana a ƙarƙashinsa. Wani lokaci in na shigo zauren da rana nakan ɗaga tabarmar in danna ɗan maɓallin totur da yatsa, in ji ya koma da kansa.

Da damina ta zagayo Baba ya sake shuka gyaɗa a gonar. Ya fara kunyoyinsa daga ciki, ya bar wurin biyun nan fili. Bana ma haka ya yi. Ba wanda ya tambaye shi dalili, masu jakuna dai suna jin daɗin wurin. Ni in na zo nan nakan sauka in tura babur ɗina har in wuce gonar.

Matar Yaya ta taɓa ce mini in gyara kwaɗon in kai shi gonar gawo ko sau ɗaya, tunda don haka aka saye shi. Na ce to. Na sa ranar, ta wuce, na sake sa wata. Tayar tana nan jingine a bangon zaure, da'irar allin ba ta gama gogewa ba. Har yau ban mayar da ita an yi facin ba.